Yadda Za Ka Adana Tarihin Tsohon Gidanku Da Ya Kai Shekara Ɗari

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shekarun al'ummarsa tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke wuce haka. Don haka duk gidan da Allah ya bar musu tsoho ko tsohuwa har suka doshi ɗari, an ba su abin da ba kowa ake ba ba. Abin da ke damuna shi ne, ranar da irin wannan tsoho ya rasu, magana biyu ce ke saura a bakin mutane: ya sha miya, kuma mutumin kirki ne. Bayan 'yan shekaru ka tambayi tattaɓa-kunnensa garin da aka haife shi, ko wanda ya koya masa Fatiha, sai ka ji shiru. Ni Allah ya ba ni ikon zama da kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, a shekarunta na ƙarshe a wani ƙauye da ke ƙasar Kano. Na ɗauki muryarta, na rubuta abin da ta faɗa, kuma daga wannan zaman na samo duk abin da zan gaya maka.

Fara da zaɓen wanda zai zauna da ita. Ba ɗanta ba, musamman in ɗan fari ne. Mahaifina shi ne ɗan farin Inna, kuma har ya yi furfura fat ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wannan yaron". In ya shigo ɗakin, gaisuwa ce kawai, ta kawar da kai. Irin wannan alkunya ba za ta bari ta ba shi labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji ba. Jika shi ne mai wannan aiki, domin tsakaninsa da kaka akwai wasa. Ni in na yi sallama sai ta ce, "Mai gidana, yau ma ba cefane?" Daga nan bakinta ya buɗe. In tsoho ne namiji, jikarsa mace, wadda yake tsokana da amarya, ta fi kowa iya jawo shi. Ka kuma sani ba za ta faɗi sunan mijinta ba ko da ya shekara arba'in a ƙasa. Kada ka matsa mata. Sunayen da take ɓoyewa ka nemo su wajen wasu.

Lokaci mafi kyau shi ne hantsi, bayan ta sha kununta ta ɗan ji ɗumin rana. Bayan azahar barci ke ɗaukarta, da dare kuma gidan ya cika da hayaniyar yara. Ka tafi da abin da take so. Inna ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ba ta rabu da goro ba, sai a goga mata a magogi ta riƙa ɗiba da ɗan yatsa tana sawa a baki. In na zauna ina goga mata, hirar ta fi tafiya, don hannuna na aiki, idona ba ya kanta. Ka gano kunnen da ta fi ji da shi ka zauna ta wannan gefen. Kada zaman ya wuce rabin awa. Da ka ga ta fara maimaita magana ko ta fara lalubar carbi, ka yi mata godiya ka tashi, gobe ma rana ce.

Wayar hannunka ta isa. Ka rufe layin don kada kira ya katse ɗaukar, ka ajiye ta kusa da bakinta a kan matashi, ka fara da faɗin ranar da wurin da muryarka. Amma kafin komai ka gaya mata abin da kake yi, ka nemi izininta. Murya ta fi bidiyo sauƙi a wajen tsofaffin mata. Matar da ta yi rayuwarta a kulle ba lallai ta yarda a riƙa yawo da fuskarta a wayoyin maza ba, kuma tsufa bai sauke mata wannan haƙƙi ba. Duk abin da ka ɗauka, a ranar ka tura wa mutum biyu cikin dangi, ka kuma kwafe a kwamfuta ko katin ajiya. Waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Irin tambayar da ke buɗe baki

In ka ce, "Inna, ba ni tarihinki," za ta ce maka, "Wane tarihi gare ni? Mun gode Allah." Shi ke nan an rufe. Tambayi abu, kada ka tambayi tarihi. Me aka jera miki a ɗaki da aka kawo ki? Nawa ne sadakinki? Wa ya koya miki kaɗi? Da na tambayi Inna zancen kaɗi, sai ta ɗaga hannun hagu kamar tana riƙe da auduga, ta murza yatsun dama kamar mazari na juyawa, ta shiga bayanin gurza da shiɓa da yadda ake shafa alli a yatsa, da bambancin zare da abawa, da ranar kasuwar da ake kai wa masaƙa. Daga kuɗin zare ta gangaro kan yadda ta sayi akuyarta ta farko, daga akuya ta faɗa kan shekarar yunwa da aka sayar da ita. Tambaya ɗaya ta jawo shekara ashirin.

Ka koyi kuɗin zamaninta don kada ka riƙa katse ta. Anini goma ne kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Naira ba ta zo ba sai 1 ga Janairun 1973, aka canza fam ɗaya a naira biyu. In ta ce an biya sadakinta da sulalla, rubuta yadda ta faɗa, kada ka juya shi zuwa kuɗin yau.

Zancen 'ya'yan da suka rasu ka bar shi sai ta kawo da kanta. Kusan duk macen da ta yi haihuwa kafin a yi gangamin lambar agana a ƙarshen shekarun 1960 ta binne 'ya'ya, wasu agana, wasu ƙyanda, wasu sanƙarau. Za ta kawo zancen wata rana. In ta kawo, kada ka cika shirun da tambaya. Amma ka rubuta sunayensu da jerin haihuwarsu, don in ta tafi babu sauran wanda ya san an taɓa yin su.

Shekarunta nawa, a gaskiya

A nan ne mutane suka fi sakaci. A ƙauyenmu ana cewa Inna ta kai shekara 130, kuma masu faɗa ba ƙarya suka nufa ba, girmamawa ce. Amma ƙarin gishiri ba ya ƙara wa mamaci komai, yana dai sa a daina yarda da sauran abin da ka rubuta. Katin zaɓe ko na ɗan ƙasa ba hujja ba ne, don a zamanin da aka haife su ba a rajistar haihuwa a ƙauye, shekarar da ke kan katin kintace ne na ma'aikacin da ya cike takarda.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗaure rayuwarta da abubuwan da aka san shekararsu. Inna ta ce mahaifiyarta ta gaya mata tana goye aka naɗa Sarki Alhaji. Sarki Alhaji shi ne Abdullahi Bayero, ya hau gadon Kano a 1926 bayan rasuwar Sarki Usman, ya yi mulki har 1953. Ke nan haihuwarta ta faɗa wajen 1925, shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano. Na gwada wannan da wani ma'auni: ta ce tana amarya ake kama maza ana kai su Jos haƙar kuza, mijinta ya yi kwanaki yana kwana a gona don kada a tafi da shi. Wannan aikin tilas an yi shi ne tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin Hitila. Yarinyar da aka haifa a 1925 tana da shekara goma sha bakwai a 1942. Lissafi ya zauna. Ma'auni na uku shi ne ɗan fari: ka ɗauki shekarunsa ka ƙara goma sha biyar zuwa ashirin. Da Inna ta kai 130, da sai ta doshi hamsin kafin haihuwar fari, alhali ta haifi wasu da yawa bayansa.

Kowace ƙasa da nata ma'aunin. Bakatsine zai tuna rasuwar Sarki Dikko da hawan Usman Nagogo a 1944. Basakkwace zai tuna naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1938. Bazazzagi zai ce zamanin Sarki Ja'afaru, wanda ya hau a 1937. Wanda ya ce ya ga yunwar Kakalaba da idonsa, ta 1914 yake nufi, kuma sai a bincika ko labari ya ji. Daga baya akwai zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun mulkin kai a 1960, kisan Sardauna a Janairun 1966, da farin 1973. A Nijar za ka ji ana auna abu da zamanin jam'iyyar Sawaba ko juyin mulkin Kunce na 1974. Sunan mutum ma kan taimaka: Azumi, Tasalla, Marka da Nomau duk suna nuna lokacin da aka haife su a cikin shekara.

Sai ka faɗi da wane lissafi kake ƙirgawa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta bature da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka duk shekara 33 ana samun rarar shekara guda. Mai shekara 97 a lissafin bature ya cika ɗari a lissafin Musulunci. Inna ta rasu tana da kusan 99 a na bature, 102 a na Hijira. Haka na rubuta, duka biyun, tare da hujjar kowanne.

Ibadarta

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma shi ya fi cancanta a adana. Tirmizi ya ruwaito cewa an tambayi Annabi wane ne mafi alherin mutane, ya ce wanda ya yi tsawon rai kuma aikinsa ya yi kyau. Tsawon rai kowa ya gani. Aikin ne ke ɓacewa, domin mai yinsa ba ya faɗa. In ka tambayi tsohuwa raka'a nawa take yi da dare, za ta ce, "Wa ya san abin da Allah ya karɓa?" Tana tsoron riya, kuma tana da gaskiya. Saboda haka wannan ɓangare da ido ake tattara shi, da kuma bakin waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita.

Ga irin abin da nake nufi. A gefen gadon Inna akwai wani dutse, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, ya yi sumul saboda shafa. Da shi take taimama tun da ruwa ya fara yi mata illa da sanyi. Da ƙafa ta gaza, ta koma salla a zaune, daga baya a kishingiɗe, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana ɗan Husaini. Da gigin tsufa ya fara taɓa ta, takan manta ta ci abinci, takan kira ni da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa, amma tambayar da ba ta bari ita ce, "An kira salla?" Sau da yawa takan yi la'asar, jim kaɗan ta lalubo dutsen ta sake. Shekarar da ta kasa azumi, sai da aka kawo buhun gero gabanta aka auna mudun ciyarwa tana ji, don ba ta yarda a ce mata an yi ba. Waɗannan su ne abin rubutawa. "Ta kasance mai yawan ibada" ana faɗa wa kowa. Dutsen nan nata ne ita kaɗai.

Abin da za ka iya tambaya kai tsaye shi ne hanyar da ilimin ya zo mata. Wa ya biya miki allo? A ina kika tsaya kafin aure? Inna an cire ta daga makarantar allo ba ta kai Sabbi ba, sai da ta haura hamsin ta koma karatu a makarantar matan aure, tana zama tabarma ɗaya da sa'o'in jikokinta. Ka ɗauki addu'o'inta da muryarta, na Larabci da na Hausa, wadda take yi in an kawo mata jariri, wadda take yi wa matafiyi, wadda take yi in hadari ya taso. Kada ka gyara mata lafazi a cikin ɗaukar, kada kuma ka mayar da Hausarta ta boko in ka zo rubutawa.

Tambayi zancen Hajji, nata da na magabatanta. Ita ta tafi a jirgi zamanin Shagari, amma kawunta a ƙafa ya tafi tun tana yarinya, bai dawo ba. Hanyar a lokacin ta Maiduguri ce, a ratsa Chadi ta Abeche, a shiga Sudan ta Darfur har bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, ana tsayawa ana noma ko aikin auduga a yankin Jazira na Sudan don neman guzuri, kuma da yawa suka zauna can, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno. In akwai irin wannan ɗan'uwa a zuriyarku, bakin tsohuwar ne kawai sauran inda sunansa yake.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka rubuta ta yadda take. In 'yar ɗariƙa ce mai wuridi safe da yamma, rubuta haka ko da kai ba ka yi. In ta bari daga baya, rubuta haka ko da kai kana yi. Kada ka jawo mamaci cikin rigimar da kake yi da maƙwabcinka. Na biyu, kada ka mayar da ita waliyyiya, kada kuma ka yanke mata Aljanna a rubuce. Roƙa mata ake yi. In ta gaya maka wani abu na ƙuruciya ta ce ya tsaya tsakaninku, ko wani saɓani da kishiya wanda 'ya'yanta ke raye, amana ce, goge shi daga wayar. Haka maganganun gigin tsufa: ba abin sawa a Facebook ko TikTok ba ne don a yi dariya.

In ta riga ta rasu

Ba a makara gaba ɗaya ba. Kwanakin zaman makoki su ne lokacin da tsofaffin da suka san ta ke haɗuwa wuri guda, kuma ba lallai su sake haɗuwa ba. Bayan an yi addu'a an natsu, ka sa wata jika mace ta zauna cikin gida wajen tsofaffin mata da littafi. Mu a nan muka ji cewa Inna ta yi shekaru tana aika wa wata makauniya tuwon dare, ba wanda ya sani a gidan sai yarinyar da ake aike. Ka nemi 'yan riƙonta, da almajiran da suka ci daga tukunyarta, da matan da ta karɓi haihuwarsu. A wannan zaman kuma ka ƙirga zuriya da suna, ɗaki ɗaki: 'ya'ya, jikoki, tattaɓa-kunne. Kada ka karɓi "sun fi ɗari biyu" sai ka jera su.

Kayanta kuwa gado ne, har carbi da buta da tabarma. Sai an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba. In kana son a ajiye allonta ko mazarinta don tarihi, ka roƙi magada a fili, ko ka saya daga rabon wanda ya faɗa wa.

Wajen rubutawa ka bi tsarin malaman hadisi: kowace magana da wanda ya faɗe ta. Ka bambanta "ta gaya mini", da "na gani", da "wance ta ce". Inda mutum biyu suka saɓa, kawo duka biyun. Shafi goma zuwa ashirin ya isa. Ka buga a shagon kwafi, kowane ɗaki na zuriyar ya sami guda, a riƙa karantawa da ƙarfi ranar da aka taru da Salla saboda waɗanda ba su iya boko ba, a kuma kunna wa yara muryarta.

Sai abin da zai isa gare ta. Muslim ya ruwaito cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Taron sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya bi malaminsa, kada a ɓata zumunci a kai. Ni abin da nake ba da shawara shi ne a duba littafin nan da aka rubuta, a zaɓi aiki ɗaya da ita take yi, a ci gaba da shi. Mu tuwon dare muka ɗauka: makauniyar ta riga Inna rasuwa, sai muka nemi wani gidan mabukata a unguwar. In ƙawarta na raye, a riƙa kai mata gaisuwa da goro, domin sada zumunci da masoyan iyaye bayan rasuwarsu yana cikin mafi girman biyayya.

In dangi na da hali, ruwa ya fi. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi bayan rasuwar mahaifiyarsa wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Amma kuɗin ya fito daga aljihun masu so, ba daga rabon marayu ba. Kuma tun ranar da aka haɗa kuɗin haƙa, a ware na gyara, a damƙa shi ga mutum ɗaya da ke zaune a garin, a rubuta sunansa a shafin ƙarshe na littafin, don in guga ya tsinke ko famfo ya lalace a san wanda za a kira.